Malafa, hana-sallah ko rawani: me za mu ɗora a ka a wannan zafin?

Hamma Usmanu, Dadin Kowa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni daɗewa a aikin rana. Ina da yara masu yi mini dashen shinkafa da ban-ruwa a ƙasan dam. Tunda Maris ya kama, kafin azahar sai ka ga an fara zubewa gindin bishiya, wannan ciwon kai, wancan jiri. Yawancinsu hana-sallah suke sawa, wasu ma kai ba komai. Babban kukansu zufa ce da ke gangarowa cikin ido, ga hannu duk taɓo, ba damar sharewa. Ina so in saya musu abin sawa a ka gaba ɗayansu, amma ba na son in kashe kuɗi a kan abin da za su rataye a reshe. Me kuka gwada ya yi muku?

Bappa Manu, Dukku: Wa alaikumus salam. Usmanu, saya musu malafa ka huta. Tun muna yara muke bin shanu daga hantsi har la'asar sakaliya, daga mu sai sanda da gora da malafa. Amma ka duba saƙar kafin ka biya. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. Idan haske na zubowa ta ko'ina, bar ta, ta ado ce. Idan kuma an lulluɓe ta da fata ko leda har iska ba ta ratsawa, ita ma bar ta, dafa kai za ta yi. Ta kaba mai matsattsiyar saƙa, mai faɗin baki, tsakiyarta da ɗan tsawo yadda ba za ta kwanta a kan ƙoƙon kai ba, ita ce ta aiki.

Abba Tumfure: Bappa Allah ya ƙara girma, amma gaskiya samarin yanzu ba za su sa ba. Ni bulo nake bugawa. Ranar da wani yaronmu ya zo da malafa sai da aka yi ta kiran sa ɗan ƙauye har ya cire ta. Ban da haka, da ka sunkuya ɗaukar bulo faɗuwa take yi, iska kaɗan ta kwashe ta. Hana-sallah kuwa zama take yi daram.

Bappa Manu, Dukku: Abba, malafar da ba igiya ai ba a gama ta ba. Ana sa mata igiya ta bi ƙarƙashin haɓa, ko guguwa ce ba ta ɗauke ta. In ka shiga inuwa ka tura ta baya ta rataya a wuya. Maganar ɗan ƙauye kuwa ta yi mini ciwo. Masu faɗin haka su tambayi kakanninsu da me suka noma dawar da ta raine su.

Adda Hauwa, ma'aikaciyar lafiya, Kumo: Bari in sa baki, don mu ne ake kawo wa su idan abin ya ɓaci. Abba ƙanena, ka tsaya a rana da hana-sallah ka sa wani ya duba maka ina inuwarta ta tsaya. Goshi ne da hanci kawai. Kunnuwa a waje, kumatu a waje, ƙeya da dokin wuya a waje. Mai dashen shinkafa kuma a sunkuye yake yini, wato ainihin wurin da rana ke duka shi ne bayan wuyan da hular ba ta rufe ba. A Ostireliya, inda cutar dajin fata ta yi musu yawa, masu yaƙi da cutar ba sa lissafa irin wannan hular cikin masu kare rana. Abin da suke cewa a sa shi ne mai baki zagaye, faɗinsa aƙalla santimita 7.5, kusan yatsu huɗu ke nan, ko kuma mai ƙyalle a baya da ke rufe wuya da kunnuwa. Malafarmu ta gida ta wuce wannan awon nesa ba kusa ba.

Abba Tumfure: Adda ai wannan maganar Turawa ce. Mu baƙar fata rana ba ta ƙona mu.

Adda Hauwa, ma'aikaciyar lafiya, Kumo: Gaskiya ne baƙar fata tana da kariyar da fara ba ta da ita, kuma dajin fata bai yawaita a cikinmu ba. Amma ido fa? Idon baƙi ma bai tsira daga rana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hasken rana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido. Akwai kuma wani nama da ke tsirowa daga gefen farin ido yana tafiya wajen baƙin, an fi ganin sa ga manoma da masunta da makiyaya, masu yini cikin rana da ƙura da iska. Sannan zafin da ke shiga jiki ba ruwansa da launin fata. A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe yakan haura digiri 40 a inuwa, balle wanda ke tsakiyar fili.

Sani ɗan acaɓa, Pantami: Ni dai tawa matsalar ita ce ta Hamma Usmanu, zufa a ido. Malafa ba ta shan zufa. Na ga masu sa ta, zufar na ɗiga daga gira.

Malam Buba, Talasse: Sani ka faɗi gaskiya, kuma nan ne mutane ke kuskure. Suna son abu ɗaya ya yi aiki biyu. Inuwa daban, tare zufa daban. Mu a nan wajen dam ɗin Balanga abin da muke yi shi ne, a yanko ƙyallen auduga, akoko ko tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta yi laushi, tsawonsa ya zagaye kai har a ƙulla. A ninka shi ya zama faɗin yatsu uku, a ɗaura a goshi sama da gira kaɗan, ƙullin a ƙeya, sannan a ɗora malafa. Tsakiyar kai a bar shi a buɗe a cikin malafar don iska ta riƙa wucewa. Ƙyallen yana tare zufa, yana hana kabar cin goshi, kuma yana riƙe malafar kada ta yi ta juyawa.

Abu mai muhimmanci: kowane mutum ya riƙe biyu ko uku. Idan ɗaya ya jiƙe sharkaf ya daina sha, sai ya fara zubar maka da abin da ya tara. A cire, a ɗauraye, a shanya a kan kara, a ɗaura wani. A wannan busasshiyar iskar kafin ka gama kwami biyu ya bushe. Sabon yadi mai sitati ko mai santsi irin na roba kada ma a gwada, zufar bin kansa take yi ta wuce.

Sani ɗan acaɓa, Pantami: Malam Buba to tawul fa? Shi muke ɗorawa.

Malam Buba, Talasse: Tawul yana sha sosai amma ya yi kauri, yana riƙe zafi kuma ba ya bushewa da wuri. A rataya shi a wuya don share fuska, wannan ya yi. A naɗa shi a kai a ɗora hula, wannan wahala ce.

Hamma Usmanu, Dadin Kowa: Wannan dabarar ta shige ni, Malam. Wasu daga cikin yaran suna tsoma hularsu a ruwan kwalbati su mayar a ka. Yana da amfani ko cutarwa yake?

Adda Hauwa, ma'aikaciyar lafiya, Kumo: Yana da amfani matuƙa a bazara kafin ruwa ya sauka. Yadda randa ke sanyaya ruwa ne: danshin da ke jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. Iskar Maris da Afrilu busasshiya ce, saboda haka jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya ko a ka yana sanyaya jiki da sauri. Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta, iska ta cika da laima, ƙyallen ba ya bushewa, sanyin ma kaɗan ne, sai dai ya jawo ƙurajen zufa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne ruwan. Ruwan da ya ratsa gonakin da aka yi wa feshi da taki, kada a jiƙa ƙyalle da shi ya riƙa ɗiga a ido. A ware jarka ɗaya ta ruwa mai tsabta don wannan. Kuma kowa da nasa ƙyallen da hularsa, ba aro. Makero ta hula da tsumma da askar wanzami yake bin mutane.

Injiniya Dauda, Billiri: Ina biye da ku tun ɗazu. Malafa ta yi a gona, ban ja ba. Amma Abba da duk mai aikin gini su saurare ni. In dai akwai abu a samanka, ana zuba kankaren bene, ana ɗaga bulo, ana miƙa rodi, kafinta na kan rufi da guduma, to hular kwano ce, ba zaɓi. Zafi yana ba ka alama kafin ya kayar da kai, bulon da ya kuɓuce daga bene ba ya sallama.

Na san tana da zafi. Ga abin da ke rage shi. Ka nemi fara ko ruwan ɗorawa. Ka duba cikinta, akwai ragar madauri da ta bar tazara tsakanin kanka da kwanon. Wannan tazarar ita ce ke shanye bugu, ita ce kuma hanyar iska. Da ka cusa hana-sallah ko tawul a ciki ka toshe duka biyun. Siririn hankici na auduga a goshi ya isa. Don wuya kuma, ana sayar da ƙyallen da ake maƙalawa a bayan hular ya sauka har kafaɗa, tela ma zai ɗinka maka in ka nuna masa. Abin da na fi gani yana ba ni tsoro shi ne masu huda ta da ƙusa mai zafi wai don iska ta shiga. Hular da aka huda ta rasa ƙarfinta. Akwai wadda kamfani ya yi da ramukan iska tun asali, ita za a nema, amma ban da mai aikin wutar lantarki, shi tasa rufaffiya ce. In kuma ta daɗe a rana har ta koɗe, ta fara tsattsagewa, ta gama aiki.

Abba Tumfure: Injiniya ranka ya daɗe, ai 'yan kwangila ba sa ba mu. Sai ranar da manya za su zo dubawa ake rabawa, da sun tafi a karɓe.

Injiniya Dauda, Billiri: Na sani Abba, kuma zalunci ne. Haƙƙin mai aiki ne a ba shi. Ku haɗa baki ku nema tun ranar ciniki, kafin a sa hannu a shebur. Amma kai da kake buga bulo a fili, ba komai a samanka, maganar Bappa ce ta shafe ka, ba tawa ba.

Alhaji Ɗanjuma, Nafada: Ni kuma na ga kun manta da rawani. Ku dubi Buzaye da Larabawan hamada. Wa ya kai su sanin rana? Ba malafa suke sawa ba, naɗi suke yi, kuma galibi mai duhu. Rawani yana rufe kai da wuya da kunne, ka ja shi ka rufe hanci in ƙura ta taso, ka share zufa da jelarsa. Abu ɗaya, aiki huɗu.

Malam Buba, Talasse: Alhaji, mai duhu kuma? Ka ajiye baƙin ƙyalle da fari a rana ka taɓa bayan ɗan lokaci ka ji.

Malam Yahaya, malamin makaranta, Bajoga: Ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma an taɓa auna wannan. A 1980 wasu masana suka gwada baƙar riga da fara irin ta Larabawan ƙauye a hamadar Negev da ke kudancin Isra'ila. Baƙar ta fi ɗaukar zafin rana, kamar yadda Malam Buba ya ce, amma zafin da ya isa jikin mutumin ɗaya ne, saboda rigar burmemiya ce, ba ta manne da fata ba, iska tana bi ta ƙarƙashi tana fitar da zafin kafin ya kai jiki. Wato sirrin yana wurin sakin tufar. Baƙar hana-sallah ta roba da ta ɗame kai ba ta da wannan tazarar, abin da ta ɗauka a kanka take sauke shi. Saboda haka in abu zai manne da kai, a nemi fari. In rawani ne, a yi naɗi sako-sako da yadin auduga marar nauyi.

Alhaji Ɗanjuma, Nafada: To alhamdu lillahi, ashe ban yi nisa da gaskiya ba.

Bappa Manu, Dukku: Alhaji, rawani ba ya yi wa ido inuwa. Shi ya sa za ka ga makiyayi ya naɗa hirami sannan ya ɗora malafa a sama. Ba sabon abu ba ne. Kuma Buzu a kan raƙumi yake, ba ya sunkuye yana cirar ciyawa. Mai aikin ƙarfi in ya rufe fuska da wuya gaba ɗaya, numfashinsa ma zafi zai ƙara masa.

Injiniya Dauda, Billiri: Ƙari a kan rawani da hirami da gyale: kada a kusanci inji da jela tana lilo. Injin niƙa, injin casa, injin ban-ruwa mai bel a waje, sarƙar babur. In bel ya kama bakin ƙyallen da ke naɗe a wuya, ba a samun lokacin kashe inji. A cusa jelar cikin riga ko a cire gaba ɗaya kafin a matsa. Igiyar malafa ma kada ta yi tsawo.

Sani ɗan acaɓa, Pantami: Wannan gaskiya ne, mu ma kullum sai mun ce wa mata fasinja su tattare hijabi daga taya.

Malam Isa, malamin gona, Deba: Akwai wurin da malafar kaba da ƙyallen auduga suke zama haɗari, kuma ban ga wanda ya taɓo shi ba: ranar feshi. Hamma Usmanu wannan ya shafe ka kai tsaye, don shinkafa ba ta rabuwa da maganin ciyawa da na ƙwari. Kaba da auduga da fata duk suna tsotse magani. Yaro ya goya famfo ya yi feshi da safe, iska ta maido masa da raɓar maganin a kan hula, sai ya yini da ita a ka, zufa tana jiƙa ta tana sauko da maganin kan goshi. Gobe ma ya sake sa ta. Fatar goshi da ta kai kuwa tana shan magani ninki uku zuwa huɗu a kan fatar hannu. Sau da yawa ciwon kai da tashin zuciya da yawan miyau da ake ɗora wa rana, guba ce.

Mai feshi ya sa hula mai faɗin baki wadda ruwa ba ya ratsa ta, ta roba, wadda za a wanke da sabulu a gama. Tana da zafi, shi ya sa feshi na sassafe ne ko yamma lis, lokacin da ba rana ba iska. Da an gama a cire, a yi wanka, a canja kaya, sannan a ɗauki malafa a ci gaba da sauran aiki. Kayan feshi a wanke su daban, kada a haɗa da na iyali, kada kuma a ba yara su wanke. Kuma don Allah kada a share zufa da hannun da ya auna magani.

Hamma Usmanu, Dadin Kowa: Malam Isa Allah ya saka da alheri. Mutum biyu ne ke yi mini feshi, zan ware musu nasu daban.

Goggo Ladi, Kaltungo: Duk maganar maza kuke yi. Mu da muke yini a gonar gyaɗa da wake, mu tsinci riɗi, mu ɗauko itace, fa? 'Yan matanmu suna zuwa gona da hijabin roba baƙi har ƙasa, ɗankwali a ciki, ga kitso. Kafin rana ta take sun galabaita. Ni abin da nake ce musu, a ware hijabin gona daban: na auduga, mai haske, daidai gwiwa ko sama, wanda ba zai hana aiki ba. Malafa tana hawa kan hijabi lafiya lau, ba abin da ta rage wa sutura. Matan Fulani da namu na nan kudu sun daɗe suna sawa. Sai dai in za a ɗauki kaya a ka, dole a cire a sa gammo. Uwa mai goyo kuma ta tuna yaron da ke bayanta ya fi ta jin zafin, a kwantar da shi a inuwa, kada a lulluɓe shi da zane mai kauri wai ana kare shi.

Adda Hauwa, ma'aikaciyar lafiya, Kumo: Goggo Allah ya bar mana ke. Masu juna biyu ma a rage musu aikin tsakar rana.

Abba Tumfure: Wata tambaya. Mu da zafi ya shigo sai mu yi aski tal-kwabo don mu sha iska. Daidai ne?

Malam Yahaya, malamin makaranta, Bajoga: In kana inuwa, za ka ji daɗinsa. In rana za ka shiga kai ba komai, ka cire wa kanka kariya ne. A 2023 masu bincike daga jami'ar Penn State ta Amurka sun gwada gashi iri-iri a kan mutum-mutumi mai auna zafi. Kowane gashi ya rage zafin rana da ke isa fatar kai, amma murɗaɗɗen gashi irin namu shi ya fi ragewa. Saisaye ya fi, ko kuma in an aske to lallai a rufe.

Adda Hauwa, ma'aikaciyar lafiya, Kumo: Ina so in koma kan yaran Hamma Usmanu masu jiri, don kada a ɗauka da an sayi malafa an gama. Hula tana rage abin da rana ke zuba maka, amma jikin mai aiki da kansa yana haifar da zafi, kuma zufar da ta fita sai an mayar. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata a Amurka suna cewa kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, wato kusan ledar ruwa ɗaya duk rabin awa, ba sai an ji ƙishi ba. Kada kuma a wuce lita ɗaya da rabi a awa. In zufa ta yi yawa har jijiyoyi na ɗaurewa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari in ya yi ja ya ragu, ruwan jiki ya yi ƙasa. Sabon ɗan aiki, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi, jikinsa na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba, kada a haɗa shi da tsofaffin hannu a rana ta farko.

Alamar da ba a wasa da ita: mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko bai gane mutane ba, ko ya suma, jikinsa zafi zau. Kada a tsaya cewa iska ce ta buge shi. A kai shi inuwa, a cire hula da riga, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Alhaji Ɗanjuma, Nafada: Wannan mun gani a Hajjin 2024, zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Ga mai harami ba ya rufe kai, sai lema.

Malam Buba, Talasse: Amin. Adda, maganar ruwa duk rabin awa in azumi ya faɗo cikin zafi, irin na 2024, ba ta yiwuwa. Mu abin da muka yi shi ne mu fita da an sallame asuba, ƙarfe 11 mun tashi, sai bayan la'asar mu koma.

Injiniya Dauda, Billiri: Ko ba azumi wannan tsarin ya fi. A Saudiyya doka ce, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a sa ma'aikaci aiki a rana daga 12 zuwa 3. A Katar tun 2021, a watannin zafi, daga 10 na safe ne zuwa 3 da rabi. Mu a nan mai gona da ɗan kwangila ne za su ji tsoron Allah su tsara da kansu.

Abba Tumfure: Injiniya mu da ake biya da yawan bulon da ka buga, in ka zauna awa uku wa zai cika maka? Ga siminti in an kwaɓa ba ya jira.

Injiniya Dauda, Billiri: Ba a ce a rage awanni ba, a matsar da su ne. Kuma bulon da aka buga da sanyin safiya ko yamma ya fi ƙwari, don rana ba ta shanye ruwansa da wuri. Ka gaya wa maigidanka haka, ta nan zai fi saurarenka. Ku kafa rumfa a kan injin, ko ta buhu ce.

Maman Sadiq, Jekadafari: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ɗana zabiya ne, shekararsa tara, kuma yana son bin babansa gona ranar da ba makaranta. Kunnuwansa da bayan wuyansa kullum a saɓule. Hana-sallah muke sa masa. Adda Hauwa me zan yi?

Adda Hauwa, ma'aikaciyar lafiya, Kumo: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Shi lamarinsa ya fi na kowa a nan, don fatarsa ba ta da kariyar da tamu ke da ita, kuma dajin fata shi ne babbar barazana ga zabiya a ƙasashenmu. Daga yau hana-sallah ba ta ishe shi ba. Mai faɗin baki zagaye, kuma saƙar ta zama ba haske ko kaɗan da ke ratsawa. In malafa ce a sa tela ya yi mata shafi da yadi mai kauri daga ciki. Riga mai dogon hannu da kwala, dogon wando, tabarau da aka rubuta UV400 a jikinsa, ba kowane baƙin gilashi ba. Man kare rana mai lamba 50 a fuska da kunne da wuya da bayan hannu, a sake shafawa duk awa biyu. Ko da hadari ko hazo a sa masa, hasken yana ratsowa. Gona kuma ya je da sassafe, kafin 10 ya dawo, sai bayan 4. Ki roƙi malamansa su bar shi ya sa hular a filin makaranta. Duk wani gyambo ko ɓawo da ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti likita ya gani, kada a tsaya shafe-shafe a gida.

Maman Sadiq, Jekadafari: Na gode Adda, Allah ya biya ki. Matsalar, duk malafar da na gani a kasuwa ta manya ce, tana rufe masa ido.

Bappa Manu, Dukku: 'Yata, ba a kasuwa za ki samu ba, sai an saƙa masa. Ki ɗauki zare ki zagaya kansa ta saman kunnuwa da tsakiyar goshi, ki ƙara faɗin yatsa biyu saboda shafin da Hauwa ta ce, ki yanke. Akwai masu saƙa a ƙauyukanmu, na san wanda hannunsa ke da kyau. Ki ba direban motar Dukku zaren a cikin ambulan, ki sanar da ni ta akwatin saƙo ranar da kika bayar. Zan ce a matse saƙar, a yi bakin da faɗi, igiyar kuma ta ƙyalle mai laushi don kada ta goge masa haɓa.